Albashin fasto da haƙƙin mai gadi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace fasto ya riƙa karɓar albashi tunda aikin Allah yake yi, ga Manzo Bulus ma da ɗinkin tanti ya ci da kansa. To ni na daɗe ina zama a kwamitin kuɗi na ikilisiya, kuma duk sanda aka ɗauko zancen Bulus ɗin nan, ka duba da kyau, lokacin ne ake neman hanyar ƙin biya.

E, ya yi sana'a tare da Akila a Korinti, yana nan a Ayyukan Manzanni 18:3. Amma karanta 1 Korintiyawa 9 gaba ɗaya, shi da bakinsa ya ce yana da iko a ciyar da shi, kuma Ubangiji ne ya umarta masu wa'azin bishara su ci daga bishara, shi ne dai ya bar haƙƙinsa don ra'in kansa, ba dattawa ne suka zauna suka yanke masa ba. Kuma ai Filibiyawa sun aika masa da gudummawa ya karɓa. A 1 Timoti 5:18 ma ya kawo dokar Musa cewa kada a ɗaure bakin takarkari yana sussuka, wato ma'aikaci ya cancanci ladansa.

Na ga fasto yana tsaye kan bagadi yana wa'azin bangaskiya alhali an koro yaransa daga makaranta saboda kuɗi, mu kuma muna mitin kan sabon fenti. Ba sabon abu ba ne, a Nehemiya 13:10 da aka hana Lawiyawa, masu hidimar Haikali, rabonsu kowa gona ya koma, aka bar Haikali.

Amma fa abin da ya fi ci mini rai ba na fasto ba ne, shi aƙalla yana da masu yi masa magana. Mai gadi da mai shara fa? Wata ya ƙare, bawan Allah ya zo ya tsaya bakin ofis hula a hannu, a ce masa ya yi haƙuri sai baiko, wato kuɗin da jama'a ke bayarwa a coci, ya shigo, aikin Ubangiji ne. Firistoci 19:13 cewa ta yi kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, kwana ɗaya ma fa. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne kuka yake yi, kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji.

Faston da ya mai da mumbari kasuwa kuma nasa daban, 1 Bitrus 5:2, da ta hana kiwon garken Allah don ƙazamar riba, ta isar masa. Ku rubuta albashin kowa a takarda, da ranar biya, ma'aji ya riƙa karanta rahoto a gaban jama'a, sannan a biya mutane kafin a sayi siminti.