Zanen Baba da ɗakin karatu: wa ke da ikon bayarwa?

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu a Agege a 2021. Mai zane ne, ya bar zanen fenti ashirin da uku: hawan sallah, 'yan goro, tashar jirgin ƙasa, kasuwar Mile 12. Suna jingine a bayan sif a ɗakin Inna, biyu har sun fara fumfuna. Ya sha faɗa cewa yana so a kai su ɗakin karatu na Herbert Macaulay da ke Yaba, amma bai rubuta wasiyya ba. Mu shida ne da Inna, autanmu shekararsa 14. Yayanmu yana so a sayar. Zan iya kwashe su in kai?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kada ki kwasa tukuna.

Daga ranar da ya rasu zanen nan ya zama dukiyar gado, daidai da gida ko kuɗin banki, kuma ke ɗaya ce cikin magada. Abin da za mu fara tantancewa shi ne maganar da ya sha faɗa. A shari'ar Musulunci wasiyyar baki tana inganta idan akwai shaidu biyu adalai da suka ji, kuma ba ta wuce sulusin dukiya ba bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi. Sulusin dukiya duka ake nufi, ba sulusin zanen ba. Idan Baba ya bar gida a Agege, da wuya zane ashirin da uku su kai sulusi, sai dai a kira wanda ya san farashin zane ya kimanta. Sai ki tambayi kanki da gaskiya: cewa ya yi "idan na mutu a kai su", ko kuwa "ina ma a kai su"? Na farko wasiyya ne, kuma yayanku ba shi da ta cewa. Na biyu buri ne, bai ɗaure kowa ba.

Idan babu shaidu, sai kyauta daga magada, kowa a kan rabonsa. Nan ne autanku ya shigo. Yaro ɗan shekara 14 ba ya kyautar da dukiya, waliyyinsa ma ba ya kyautar da ita a madadinsa. Mafita ita ce a yi wa zanen kuɗi, a ba shi rabonsa daga wata kadara, ko masu son bayarwa su biya shi. Haka za ku yi da yayanku. Ni ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa yake nema.

Legas ba ta da kotun shari'a ta gwamnati. Malamanku za su raba gadon, amma hukuma takarda take dubawa. Ku nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jihar Legas da ke Ikeja. Waɗanda sunansu ke kanta su ne za su sa hannu a kyautar.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Zane dukiya biyu ce: ƙyallen da ke cikin firam, da haƙƙin mallakar hoton da ke kansa. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wannan haƙƙi yana ɗorewa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai zanen ya rasu, wato na Baba zai kai ƙarshen 2091. Miƙa ƙyallen bai miƙa haƙƙin ba, domin shi sai da rubutu ake sallama shi. Ke nan ko zanen 'yan goro yana rataye a Yaba, duk mai son buga shi a kalanda, riga ko bangon littafi ku zai nema. Shawarata ku riƙe haƙƙin, ku ba ɗakin karatun izini taƙaitacce na ɗaukar hoto don kundinsa da shafinsa na intanet. Wannan ma zai iya tausasa yayanku, tunda ƙofar samun kuɗi ba ta rufe ba. Dokar ta kuma kare sunan Baba: ba a goge shi, ba a yi wa aikin gyaran da zai zubar masa da mutunci.

Kyauta ko aro? Da ni ce, da aro zan fara, na shekara uku ko biyar. Ɗakin karatu ba gidan adana zane ba ne, ma'aikatansa littafi suka sani, ga laimar Legas da gara ba sa jin bari. Kyauta kuwa da zarar an karɓa ta fita hannunku. Idan aron ya yi kyau sai a mayar da shi kyauta. Idan kuma ba su da wurin ratayewa, ku tuntuɓi gidan zane na Yemisi Shyllon da ke Jami'ar Pan-Atlantic, wanda aka buɗe a 2019, ku ji ko za su karɓa.

Ko wanne kuka zaɓa, a rubuta yarjejeniya da Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Legas, ba da ma'aikacin da ke zaune a teburin shiga ba, don shi gobe ana iya canza masa wurin aiki. A sa hoton kowane zane da girmansa da halin da yake ciki, wanda zai biya gyara ko inshora, sharaɗin ba za a sayar ba, da cewa idan an sauke su daga bango ko an rufe reshen za su dawo hannun iyali.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan ki janye su daga jikin bango, ki ɗora su kan katako inda iska ke shiga, ki ware biyun da suka yi fumfuna. Kada ki goge da ruwa. Ki ɗauki hoton gaba da bayan kowanne da wayarki, ki tura wa 'yan'uwanki duka, har da yayanku.