Wagon ta hannu don iyali: wacce zan saya, kuma yaya zan riƙe ta?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne, ina da mata da yara uku, kuma ƙaramar motar da nake hawa ta yi mana kaɗan, musamman in za mu yi doguwar tafiya da kaya. Na yanke shawarar sayen wagon ta hannu, irin mai dogon bayan nan. Guda biyu na gani. Ɗaya ta yi kilomita 190,000, mutum ɗaya ne ya riƙe ta tun tana sabuwa, kuma yana da takardun duk gyaran da aka yi mata. Ɗayar kilomita 110,000 ne a jikinta, fentinta sai sheƙi yake, amma mai sayarwa ba shi da takardar sabis ko ɗaya. Kowacce shekararta goma, kuɗinsu kusan ɗaya. Gaskiya zuciyata ta fi karkata ga ta biyun. Wacce ka ga ta dace, me zan duba, kuma in na saya yaya zan kula da ita?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raya zuri'a, ya sa a saya a sa'a.

In dai su biyun nan ne kawai, kuma bincike bai tono wani aibu ba, ta farkon zan ce ka ɗauka. Mota mai shekara goma, riƙon da aka yi mata ne ke nuna sauran kwananta, kuma takardun nan su ne shaidar riƙon. Kilomita 190,000 a shekara goma na nufin kusan 19,000 kowace shekara, wanda galibi tafiyar babban titi ce, injin ya ɗau zafinsa daidai, yana tafiya a giya ɗaya ba tsaye-tsaye. Wannan ya fi wa inji sauƙi a kan gajerun zirga-zirgar cikin gari, inda ake kashe mota tun baƙin mai bai gama ɗumi ba. Ita kuwa mai 110,000, ƙila lambar gaskiya ce, ƙila kuma an mayar da ita baya, domin mitar zamani ma ana taɓa ta da kwamfuta. Ba takarda, ba yadda za ka tabbatar. Abin da ya rage maka shi ne ka duba ko jikinta ya yarda da lambar: robar fedar birki, fatar sitiyari, gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga da fita. In waɗannan sun cinye sosai, motar ta yi tafiyar da ta fi abin da mita ke faɗa.

Su ma takardun kar ka ƙirga su kawai, karanta su. Duba ko kwanan wata da kilomita suna hawa a jere, ko akwai shekara biyu da aka yi shiru. Sannan ka gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 wadda ta zama ƙa'ida tun 1981. Ta jikin takarda, ta ƙasan gilashin gaba, da ta jikin ƙofa, dole su zama iri ɗaya. In sun saɓa, ka bar motar nan take, komai kyanta. Da wannan lambar kuma wakilin kamfanin da ya ƙera motar zai iya gaya maka ko akwai gyaran da kamfani ya yi kiranye a kansa ba a kai ta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaukar iyali: jakunkunan iska (masu kumbura su tare mutum in an yi karo) na kamfanin Takata, waɗanda suka sa aka yi kiranyen miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban har kamfanin ya durƙushe a 2017, suna iya fashewa su watso ƙarfe a fuskar mutum, kuma har yanzu akwai motocin hannu da ke yawo da su.

Yanzu ga inda wagon ta bambanta da sauran motoci, kuma nan ne masu saye suka fi yin sakaci. Kowa bonet yake fara buɗewa. Ni kuwa ta baya nake fara zagayawa, domin wanda ya sayi wagon don kaya ya saye ta, kuma bayanta ne ya sha wahalar. Tsaya daga nesa a wuri mai shimfiɗe ka dube ta ta gefe. In bayan ya zauna ƙasa alhali babu kaya, sifirin sun gaji. Danna kusurwar baya da ƙarfi ka saki; in ta yi ta lilo maimakon ta tashi sau ɗaya ta tsaya, shokozoba sun mutu. Leƙa ka ga ko suna tsiyayar mai. Wasu manyan wagon, kamar Mercedes E-Class da wasu Volvo V70, suna da ƙafar baya mai daidaita tsayin mota da kanta in an yi lodi. Abu ne mai daɗi in yana aiki, amma gyaransa ya fi na shokozoba na gama-gari tsada nesa ba kusa ba, don haka ka san irin wadda ke jikin motar kafin ka biya.

Buɗe ƙofar but ka sake ta. Ya kamata ta tsaya da kanta. In tana saukowa, sandunan da ke tallabe ta sun saki, kuma ƙofa ce mai nauyi da za ta iya faɗo wa yaro a ka. Canza su ba wuya. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne wayoyin da ke bi ta cikin wata roba tsakanin rufin mota da ƙofar but. Buɗewa da rufewa na shekara da shekaru na karya su, sai ka ga waifar baya, fitilar lamba ko makullin but suna aiki yau, gobe su ƙi. Gwada kowannensu. Daga nan ɗaga shimfiɗar but, fito da safayar taya, ka sa hannu a ramin. Danshi ko tsatsa a wurin na nufin ruwa na shiga. In kuma ka ga ƙarfen ya yamutse, ko walda sabuwa, ko fenti da bai yi kama da na kewaye ba, an taɓa bugun motar ta baya. Wannan ya dawo da mu kan fentin nan mai sheƙi da ya ja hankalinka. Mota mai shekara goma da babu ko ƙwarzane a jikinta, tambaya take nema: me aka rufe? Kar ya zama kyan ɗan maciji. Duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bodi ko daidai take hagu da dama, ka duba ko fenti ya taɓa robobin gilas. In akwai ƙugiyar jan tirela a baya, ka san kulochi da giyabos sun yi aikin da ya fi na kullum.

Sai inji. Ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka zo, ka kuma taɓa bonet ka tabbatar da sanyi. Tashin farko ne ke tona abin da inji mai zafi ke ɓoyewa. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilun gargaɗi na inji, na birkin ABS (mai hana taya kafewa in an taka birki) da na jakar iska duk su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, ƙila cire ta aka yi. Shuɗin hayaƙi a salansa alamar inji na shan baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan mota ta yi zafi, tare da ruwan lagireto da ke raguwa ko yake kumfa, alamar gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Ƙarar kacau-kacau ta 'yan daƙiƙu a tashin farko kan nuna sarƙar tayimin ta saki. Ka tuƙa ta aƙalla rabin awa, a gargada da kuma babban titi, rediyo a kashe. Giya ta shiga ba fizga, sitiyari kada ya ja gefe, birki kada ya yi rawa a ƙafarka.

Duk wannan ba zai maye gurbin bakanike ba. Ka je da naka, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, a ɗaga motar ko a hau da ita rami a duba ƙasanta, a kuma jona mata na'urar bincike. Motocin Amurka tun 1996, da na Turai masu fetur tun 2001, duk suna da wurin jona ta, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ƙwararre zai iya gane ko an goge bayanan matsala kwanan nan don a kashe fitila. Mai sayarwar da ya hana a yi wannan binciken ya riga ya ba ka amsa.

Game da fetur ko dizal, dubi irin tafiyarka. Motocin dizal na Turai daga wajen 2009 suna da matatar toka a salansa, wadda ke bukatar doguwar tafiya da zafi kafin ta ƙone abin da ta tara. In yawancin zirga-zirgarka kai yara makaranta ne da zuwa aiki kusa, za ta riƙa toshewa. Mai fetur ta fi maka kwanciyar hankali. Haka kuma ka zaɓi ƙirar da kayan gyaranta da masu iya ta suke kusa da kai, ko Toyota Avensis ce, ko Volkswagen Passat, ko Skoda Octavia.

Tunda don yara za ka saya, ka je da su, da kujerunsu in suna amfani da su. Wagon tsawo ta ƙara, ba faɗi ba, kuma ba kowacce ke ɗaukar kujerun yara uku a jere ba. Tabbatar bel ɗin tsakiya mai ratsa kafaɗa ne, ba na ƙugu kaɗai ba, kuma dukkansu suna kullewa in ka fizge su. Nemi ƙarfunan ISOFIX, waɗanda ake maƙala kujerar yaro a jikinsu, a tsakanin mazauni da majingina. Ka kuma tabbatar tana da na'urar hana mota sulɓewa a kwana, wadda ake kira ESC ko ESP. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga duk sabuwar mota tun 2014.

To, ka saya. Kar ka zuba duk kuɗinka a farashi, domin akwai sabis na farko da nake ɗauka a matsayin wani ɓangare na kuɗin motar. Ƙa'idata a nan ɗaya ce: duk abin da babu takardar da ta nuna an yi shi, ka ɗauka ba a yi ba. A makon farko a yi juyen baƙin mai da filtarsa, a canza filtar iska, a duba fulogi. Mafi muhimmanci shi ne bel ɗin tayimin, in injinka mai bel ne. Kamfanoni na ba shi wa'adi na kilomita da na shekaru, wanda ya riga cika shi ake bi, domin roba na tsufa ko mota na ajiye. A yawancin injunan zamani, in ya tsinke ana tafiya, fistin ne zai daki bawul, kuma gyaran zai iya kai wa ga sauke inji gaba ɗaya. Ba ya yin gargaɗi. In za a canza shi, a haɗa da famfon ruwa in bel ɗin ne ke juya shi, tunda aikin kwancewar ɗaya ne. A nan ma mota mai takardu ta yi gaba: a kilomita 190,000 ya kamata a ce an taɓa canza shi, kuma za ka ga ranar a rubuce. Mai 110,000 kuwa, da shekara goma a kanta, kai ne za ka biya.

Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. In ya tara ruwa, zai iya tafasa a doguwar gangara da cikakken lodi, feda ta nutse ba birki. Man giyabos na otomatik ma yana tsufa, ko da an ce maka na har abada ne. Giyabos ɗin DSG mai giya shida na Volkswagen, misali, duk kilomita 60,000 ake canza masa mai, kuma kowane iri da nasa man, ba a haɗa su. Lagireto kuma a sa masa ruwan sanyaya inji na ainihi. Ruwa zalla yana kawo tsatsa, kuma ya fi saurin tafasa. In mota ta fara zafi, kar ka yarda a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, a ce an gyara. A nemo dalilin, ko fanka ce, ko lagireto ya toshe, ko yoyo. Kada kuma ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Bayan wannan, riƙon yau da kullum ba shi da wahala. Baƙin mai irin wanda littafin motar ya ambata, a lokacin da ya ambata, kuma aƙalla sau ɗaya a shekara ko ba ka yi tafiya da yawa ba. In kana yawan bin ƙura ko cunkoso, ka rage tazarar. Sau ɗaya a wata ka duba mai, ruwa da iskar taya da kanka.

Taya na so in ƙara jan hankalinka a kai, don ita ke ɗauke da iyalinka. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta wuce shekara shida a riƙa sa mata ido, wadda ta kai goma a cire ta ko zanenta bai cinye ba. Zurfin zanen kada ya gaza milimita 1.6, kuma gara ka canza tun kafin nan. A jikin ginshiƙin ƙofar direba ko murfin tanki akwai takarda mai nuna awon iska iri biyu, na tafiyar kullum da na cikakken lodi. Kafin doguwar tafiya da mutum biyar da kaya, ƙara wa tayoyin baya iska zuwa awo na biyun, tun suna da sanyi. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin nauyi zafi take yi, daga nan sai fashewa.

Wajen lodi, tuna cewa a wagon babu bango tsakanin kaya da kawunan yaranka. Masu nauyi su zauna a ƙasa, a manne da bayan kujera, kuma kada kaya su wuce tsayin majingina sai in akwai raga ko shingen ƙarfe. Abin da za a ɗora a rufi yana da iyaka, galibi wajen kilo 75 har da nauyin ƙarfen ɗora kayan kansa, kuma littafin motar zai faɗa maka naka adadin.

Ka sayi ɗan littafi ka ajiye a aljihun dasbod, duk abin da aka yi wa motar ka rubuta ranar, kilomita da sunan abin da aka sa, ka haɗa da rasit. In ta farkon ka ɗauka, ka karɓi takardun mai ita duka a ranar ciniki, ka ɗora daga inda ya tsaya.