Batir ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi

Kai yaro, wai mutumin ya ce baturansa huɗu na sola sun daina kai shi asuba, shi ne kake tambaya ko za ka cire wanda ya fi rauni ka sa masa sabo guda ɗaya. A'a. Da hannuna kake kallo a wurin aiki ba waya ba, da ba ka yi wannan tambayar ba. Batura huɗu masu bolt 12 da aka jera suka ba da 48, wuta ɗaya ke ratsa su gaba ɗaya. Ka sa sabo a cikinsu, ka haɗa ɗan bijimi da tsofaffin shanu a garma ke nan, kafin damina ta fita shi ma ya durƙushe. Ko a canza su duka, ko a bar su.

Amma kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka gano abin da ya kashe su, don a nan aka taɓa cin kuɗina.

Wani Alhaji ne, ba zan kama suna ba. Ya ce fitilu, fankoki da talabijin kawai zai ɗora. Na haɗa masa tubula huɗu, wato baturan dalma da ake zuba wa ruwa, masu 200Ah, ma'aunin cajin da kowanne ke ɗauka. Lissafin a fili yake: 200 sau 12 sau huɗu, wat 9,600 na awa ɗaya, kuma batirin dalma rabi ake ci a bar masa rabi, wato 4,800 ne nasa. Na saita inbata, na'urar da ke mai da wutar batir ta zama wutar gida, ta yanke wuta kafin a zuƙe su. Ya ba ni kafin alƙalami, ya ce ciko sai ya ga aiki. Na yarda, saboda mutuncin wanda ya haɗa mu.

Shekara ba ta zagayo ba ya kira ni yana faɗa, wai na sayar masa da jabu. Na je. Tun daga zaure na ji gurnanin firiza. Biyu ne, ana sayar da ƙanƙara! Ga dutsen guga, wanda shi kaɗai yana jan wat dubu, ga injin jan ruwa an jona. Da inbata ta dame shi da ƙara cikin dare, sai ya samo wani yaro irinku, masu koyon sana'a a YouTube, ya sauke masa ma'aunin yankewa zuwa bolt 42. Kullum sai an tatse baturan tas. An kuma kwashe su daga inda na ajiye an cusa su a wani sito mai rufin kwano ba taga, a zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40. Batirin dalma a wajen digiri 25 yake jin daɗi, duk ƙarin digiri goma kusan rabin ransa ne ke tafiya. Ga iskar da yake fitarwa in yana caji, wadda tartsatsi kaɗan ya ishe ta kamawa da wuta. Na buɗe murfi, farantan cikin batirin sun fito fili sun yi fari. Na ce wane ruwa ake zubawa? Maigadi ya ce na leda. Ruwan leda, a batirin da ba ya shan komai sai tataccen ruwan batir!

Na nuna masa duk wannan da yatsa. Buɗar bakinsa sai ya ce ai ban rubuta masa kar ya sa firiza ba. Dila ya duba baturan ya ce babu garanti, kuma da gaskiyarsa. Aka kira dattawa, aka yi ta “a yi haƙuri, a bar wa Allah”, aka tashi ni ne na rasa cikona, har na ƙara da kuɗin batir ɗaya daga aljihuna don kar sunana ya ɓaci a unguwar. Har gobe in mun haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, ko kunya.

Na san abin da za ka ce, a sa masa batirin litiyom a huta. Ku yaran yanzu komai litiyom. To, yana da kyau, ana cin kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, ba ya shan ruwa, yana da na'urar da ke yanke shi da kanta. Amma sai ka sake saitin caji, kuma mai ɓoye firiza ko me ka sa masa zai kai shi ƙasa.

Yadda ake gwada su ɗaya bayan ɗaya ba sai na faɗa maka ba, in ba ka iya ba ka koma sayar da katin waya. Gobe ka je da mita, ka shiga har kicin da bayan gida, kar ka tsaya a falo kana shan lemo. Ka duba ƙurar da ke kan farantan sola. Duk abin da ka gani a jone ka rubuta a bayan rasit, ya sa hannu, kuma kar ka ɗauko batir daga kasuwa sai kuɗi sun shigo cif.