Me ya haɗa fiziks da yadda kwamfuta ke koyo?

Ƙanena, ka ce kana karanta fiziks a Jami'ar Jos, amma ka rasa gane abin da ya haɗa darasin zafi da maganaɗisu da jijiyoyin wucin gadi na kwamfuta, wato tsarin lissafin da ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Dabarar ɗaya ce. Ba mai bin ƙwayoyin iska ɗaya bayan ɗaya, halin taronsu ake aunawa, wannan shi ne fiziks ɗin ƙididdiga. Lambobin da ke ɗaure jijiyoyin nan ma sun kai miliyoyi, dole a yi musu kallon taro.

Ka ɗauki kuskuren na'ura kamar duwatsun Shere na kusa da Jos, tudu da kwari. Koyo shi ne gangarowar ƙwallo zuwa kwari. 'Yar girgizar da ake samu wajen horarwa tana aiki kamar zafi, takan fitar da ƙwallon daga ƙaramin rami. Tun 1982 John Hopfield ya nuna cewa tunawa ma faɗawa kwari ce, kuma a 1985 Amit, Gutfreund da Sompolinsky suka lissafa cewa jijiya 1,000 za su riƙe sura kusan 138 kafin komai ya dagule. Hopfield da Geoffrey Hinton ne suka ci kyautar Nobel ta fiziks a 2024.

Sai dai kada misalin Shere ya ruɗe ka. A fili mai ɓangarori miliyan, wato inda ƙwallon ke da hanyoyin motsi miliyan, ramin da ba mafita ba shi da yawa. Kuma lissafin su Amit a kan sauƙaƙƙun na'urori aka yi shi, kada ka ɗora shi kai tsaye kan ChatGPT.

Ka fara ƙwarewa a tsarin Ising, wato samfurin maganaɗisu inda kowace ƙwaya ke kallon sama ko ƙasa, kamar jijiyar da ke kunne ko a kashe. Dabarar refilika kuwa, wato hanyar lissafin da su Amit suka bi, ni ma ta sha ba ni wuya, ka nemi malaminku na fiziks ɗin ƙididdiga ku zauna.