Tsalle-tsalle na ƙara wa ɗan ƙwallo gudu kuwa?

Tambaya: Salam koci. Ni ɗan wasan gaba ne, shekarata 19, in aka jefo dogon fas sai mai tsaron baya ya riga ni, a sama ma ana cinye ni. Aka ce in riƙa tsalle kan akwati kullum, na yi sati biyu, yanzu gwiwata ciwo take. In ci gaba ko in bari?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena. Dakata tukuna, bar gwiwar nan ta huta, in ka ga kumburi ko ciwon ya ƙi tafiya ka je likita ya duba.

Atisayen yana aiki, sunansa filayometirik, kuma wani koci ɗan Tarayyar Sobiyet, Yuri Verkhoshansky, shi ya fito da salon dirowa daga kan akwati a zabura sama nan take, tun shekarun 1960. Ka san danƙo in ka ja ka saki? Haka tsoka da agara suke, in ka dira suna miƙewa su tara ƙarfi, in ka tashi a take sai su maido maka da shi, amma in ka daɗe a ƙasa ƙarfin ya zube. Shi ya sa ake so ƙafa ta taɓa ƙasa kamar ka taka garwashi, kar ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na sakan. Abin da ke ba ka zabura a taku biyar na farko kenan, da tashi sama ka sa kai.

Inda aka cuce ka shi ne "kullum" ɗin nan. Wallahi yana damuna yadda matasa ke ɗauka sai an galabaita ne aka yi tirenin, alhali in ka gaji tsallen ya zama ɓata lokaci da neman rauni. Sau 2 a sati ya isa, da hutun awa 48 zuwa 72 a tsakani, dira 80 zuwa 100 a rana ga mai farawa, a kan ciyawa ba siminti ba, kuma bayan ɗumama jiki.

In ka warke kar ka koma kan akwati kai tsaye. Fara koyon dira: a hankali ba ƙara, ƙugu baya, gwiwa kar ta karkata ciki don ta nan jijiyar ACL, wadda ke riƙe gwiwa daga ciki, ke tsinkewa. Sai ƙananan tsalle da ƙafa biyu, daga baya ƙafa ɗaya da gefe-gefe, ka haɗa da sukwat, wato atisayen tsugunawa da tashi. Ba shi sati 6 zuwa 8, sannan ka auna gudunka na mita 10 ka rubuto min.