Amsa ga ɗana kan jafin da ake yi wa Sarki

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce me ya sa ranar hawan Sallah mahaya ke sukuwa da māsu a hannu har gaban Sarki a Ƙofar Soro, ƙofar fadar Katsina, sannan su ja linzami su yi jinjina, kuma ka ji wasu na cewa wasa ne kawai.

Wallahi ba wasa ba ne. Rundunar Katsina ce kake gani. A da, kowane hakimi sai ya kawo dawakinsa da baradensa Sarki ya gani da idonsa, ya san ƙarfin da zai fita da shi in kugen yaƙi ya yi ƙara. Jinjinar nan mubaya'a ce: ga mashina, ga dokina, naka ne.

Ka lura da 'yan lifidi da kyau in sun zo wucewa. Auduga ce aka cusa aka ɗinke, aka lulluɓe doki tun daga wuya har gindi, mahayi kuma ga sulke ga kwalkwali. Kibiya mai dafi sai ta maƙale a ciki ba ta taɓa fata ba. Amma fa nauyi gare shi, dokin ba ya dogon gudu, in mahayi ya faɗo da ƙyar yake tashi, shi ya sa dakaru ke biye da shi a ƙasa. Abin da suka fi tsoro kibiyar wuta.

Sarautun ma na yaƙi ne. Ƙaura, wanda yau ka sani da hakimin Rimi, shi ne jagoran mayaƙan Katsina. Dubi ƙofofin gari: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar 'Yanɗaka, duk sunayen manyan sarakai. Ganuwar kuwa har gonaki ta kewaye, don in abokan gaba sun tsare gari kada yunwa ta ci mutane. Bayan Ummarun Dallaje, mai riƙe da tutar jihadi, ya karɓi Katsina a 1807, tsofaffin sarakuna suka kafa Maraɗi, aka yi ta kai wa juna hari shekara da shekaru, ganuwar nan ce mafaka. Da Turawa suka shigo a 1903 yaƙi ya ƙare, sai hawan kaɗai ya saura.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka yi ta ɗibar ƙasar ganuwa ana gini da ita. In ka zo Sallah ka iso da wuri, mu zagaya ka ga sauran da ya rage kafin a fara hawa. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.