Tohon da ka gani a jikin yis

Ɗana, jiya da kana leƙa maikiroskof ka ɗago kai ka ce, "Malam, ta ina ƙwayar yis take fara kwafar DNA ɗinta, kuma me ke hana ta kwafar wuri ɗaya sau biyu?" Ina kan awo a lokacin, shi ya sa na ce ka bari. Amma tambayar ta kwana a raina.

Yis ɗin nan da kake renowa a kwalba shi ne dai wanda masu gidan burodi ke saya a Kasuwar Gumi. Kowace ƙwaya tana da kuromosom 16, wato dogayen igiyoyin DNA masu ɗauke da bayanan gado. Da haruffa huɗu, A, T, G da C, ake rubuta DNA, harufan nata sun kai miliyan 12, kuma tun 1996 aka gama karanta su kaf. Idan abinci ya wadata, ɗumi kuma ya tsaya a digiri 30, cikin kamar minti 90 ƙwaya ɗaya ta zama biyu. Da daga baki ɗaya za ta fara kwafar kowane kuromosom, da lokaci bai ishe ta ba. Don haka sai ta fara daga wurare ɗaruruwa.

Wanda ke gano waɗannan wurare shi ne ORC, curin furotin guda shida da Stephen Bell da Bruce Stillman suka gano a 1992 a Cold Spring Harbor, can Amurka. Biyar daga cikinsu sun jeru kamar jinjirin wata. ORC yana neman wani ɗan gajeren jeri a jikin DNA, harufa 11 da A da T suka cika, ya zauna a kai har ya ɗan lanƙwasa igiyar. Sai wani furotin mai suna Cdc6 ya zo ya cike giɓin jinjirin watan, ya zama zobe ya kewaye DNA.

To, ka buɗe kunne da kyau a nan. DNA igiya ce mai tufka biyu, kuma ba ta kwafuwa sai an warware ta. Mai warwarar shi ne MCM, shi ma zobe ne na furotin shida, daga Mcm2 zuwa Mcm7. Ta yaya za ka zura zobe a tsakiyar igiyar da ba ka ga bakinta ba? Sai dai zoben ya zamo mai baki, irin awarwaron da ake ɗan buɗewa a sa a hannu. Haka abin yake. Akwai ƙofa tsakanin Mcm2 da Mcm5. Wani furotin mai suna Cdt1 ne ke rako zoben da ƙofar a buɗe, ORC da Cdc6 su tarbe shi, igiya ta shige, a ƙona ATP, wato makamashin ƙwaya, ɗan rakiya ya kama gabansa, ƙofa ta rufe ruf. Sannan a ɗora zobe na biyu, su haɗa kai da kai. Shi ke nan, sai su yi zamansu, ko motsi babu.

Ka taɓa kwana a Zariya daren hawan Sallah? An ɗaura sirdi, an sa linzami, doki na tsaye a turke yana haniniya, amma ba mai hawa sai lokaci ya yi. A wurin yis ma ɗaura sirdi da hawa ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya, kuma amsar tambayarka ke nan. Ana ɗora zoben ne kawai sa'ad da wani furotin mai suna CDK ya yi ƙasa. Da ya tashi, shi da ɗan'uwansa DDK sai su manna wa wasu furotin alamar fosfet, Cdc45 da GINS mai gaɓa huɗu su zo su haɗu da kowane zobe, a sami inji mai gaɓa 11 da ake kira CMG. Zobba biyun su rabu, kowanne ya riƙe zare ɗaya, su gifta juna, kowa ya nufi nahiyarsa yana warwara. Kuma CDK ɗin da ya ba da izinin tafiya shi ne ke hana sabon ɗauri: ya sa a ragargaza Cdc6, a fitar da sauran MCM daga cibiyar ƙwaya, ya kuma daƙile ORC. Kwaɗo uku a ƙofa ɗaya! Wallahi duk sa'ad da na tuna wannan sai na ce Subhanallahi.

Kada ka ɗauka zane ne kawai na littafi. An daskarar da furotin ɗin cikin siririyar ƙanƙara, an ɗauki hotunansu dubbai da maikiroskof na lantarki, kwamfuta ta haɗa siffar. Wannan dabara ce ta ci kyautar Nobel a 2017. A 2015 kuma ɗakin binciken John Diffley a Ingila ya tace furotin 42, ya haɗa su a kwalba, suka fara kwafar DNA ba tare da ƙwaya mai rai ba. Mu ma muna da ORC da MCM a jikinmu, kuma idan suka sami naƙasu akan haifi yaro da ciwon Meier-Gorlin, mai hana girma.

Namu maikiroskof ɗin ba zai nuna maka zobe ba, amma zai gaya maka lokaci, domin yis ta hanyar toho yake hayayyafa: sabuwar ƙwaya takan tsiro a jikin uwar, ta girma, sannan ta rabu. Ƙwayar da ka gani sumul babu toho, galibi tana lokacin ɗaura sirdi. Mai ɗan ƙaramin toho kamar kan allura, ta shiga kwafa. Mai toho babba, ta gama tana shirin rabuwa. Ranar nan da wuta ta ɗauke inkubeta ta huce, ai ka ga yadda aikin ya ja ƙafa, don haka ka riƙa duba ma'aunin zafi kafin ka ɗebi samfur.

Gobe ka yi sammako daga Tudun Wada, ka iso kafin takwas. Ka girgiza kwalbar sosai, ka ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, ka ƙirga ƙwaya ɗari, ka raba min su kashi uku a littafinka. Da azahar ka sake ƙirgawa, sai mu zauna mu gwada lambobin tare.